Darasi: Injin Peugeot 504, Ƙirarsa da Yadda Ake Kula da Shi

A wannan darasi za mu ɗauki inji guda ɗaya mu buɗe shi, mu ga yadda aka gina shi da abin da yake buƙata daga hannun mai shi. Injin shi ne na Peugeot 504 mai shan fetur, wanda kamfanin ya ba lambar XN1. An zaɓe shi ne don kusan kowa a ajin nan ya taɓa shiga motar, ko a tasha ko a gidan wani babba, kuma don duk abin da ke cikinsa ana iya ganinsa da ido, a taɓa da hannu. Babu kwamfuta a jikinsa. Wanda ya fahimce shi ya sami harsashin fahimtar kowane injin fetur.

Daga ina ya fito

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Da farko injinta mai lita 1.8 ne, wanda aka faɗaɗa daga injin yayarta 404. A 1970 aka ƙara masa girma ya zama lita 2, shi ne XN1. A 1975 masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot, kuma a wannan shekarar ce wata 504 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a hannun direba Ove Andersson. Faransa ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Haka ta zama motar ofis, motar haya mai dogon zango, da a-kori-kurar ɗaukar kaya. A Nijar ma an santa sosai, domin da yawa ta Sahara aka riƙa shigo da su, ta Arlit da Agadas. Irin wannan inji ne kuma a cikin 505 da yawa da kuma bas ɗin J5 mai fetur, saboda haka abin da za ku koya a nan bai tsaya kan mota ɗaya ba.

Awon injin

Injin yana da silinda huɗu a jere. Faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 81. Daga waɗannan lambobi biyu ake fitar da girman inji, kuma yana da kyau kowa ya iya lissafin da kansa. A mai da su santimita: 8.8 da 8.1. Rabin faɗin shi ne 4.4. A ninka 4.4 sau 4.4, a sami 19.36. A ninka wannan da 3.1416, a sami kusan 60.82. A sake ninkawa da 8.1, a sami kusan 492.7. Wannan shi ne cikin silinda ɗaya. Huɗu kuwa sun ba da cc 1,971, wato lita biyu saura kaɗan. Ƙaramin injin mai lita 1.8 tafiyar fistinsa ɗaya ce da wannan, faɗin silindarsa ne kawai milimita 84.

Ƙarfinsa da kafireta doki 93 zuwa 96 ne, gwargwadon shekarar ƙira, a wajen juyi 5,200 a minti ɗaya. A ma'aunin yau wannan ba wani ƙarfi ba ne ga inji mai lita biyu. To amma ku lura da inda amfanin yake: ƙarfin jansa yana cika ne tun a wajen juyi 3,000, saboda haka ba sai an yi ta matsa masa totur ba kafin ya ja kaya. Injin da ba a tilasta masa kaiwa iyakarsa kullum yana daɗewa, kuma wannan shi ne dalili na farko na ƙarkonsa.

Yana aiki ne da bugu huɗu: fistin ya sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da tartsatsi su ƙone su turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Silindodin suna karɓar wuta a jerin 1, 3, 4, 2. A nan akwai abin da ke ruɗa sababbin makanikai: a wannan inji silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wadda ke kusa da giya, ba wadda ke kusa da lagireto ba.

Yadda aka gina shi

Idan kuka ɗaga bonet za ku ga injin bai tsaya a miƙe ba, an kwantar da shi gefe da digiri 45. An yi haka ne don gaban motar ya yi ƙasa. Gangar jikinsa, wato bulok, ta baƙin ƙarfe ce. Kansa, wanda makanikai ke cewa tof silinda, na alminiyum ne. Karanshaf yana zaune a kan mazaunai biyar, abin da ke hana shi lanƙwasa ko girgiza idan an ɗora wa mota kaya. Kamshaf yana cikin bulok, sarƙa ce ke juya shi, ba bel ba, kuma yana tura bawul ta hanyar 'yan sanduna da roka. Sarƙa ba ta tsinkewa farat ɗaya kamar bel. Tana fara ƙara ne a gaban inji tun da wuri, ta ba mai mota lokacin gyara.

Abin da ya fi muhimmanci a ƙirar shi ne silif. A injuna da yawa, ramin da fistin ke hawa da sauka an huda shi ne a jikin bulok. A nan kuwa kowace silinda bututu ce mai zaman kanta da ake zurawa a ciro, shi ne silif. Ruwan sanyaya inji yana taɓa bayan bututun kai tsaye, kamar kofuna huɗu da aka jera a cikin kwanon ruwa. A gindin kowane silif akwai siririn abin toshewa da ke raba ruwa da baƙin mai, a samansa kuma gasket ne ke danne shi.

Amfanin wannan tsari babba ne ga wanda ke nesa da birni. Idan silinda ta cinye, ba sai an kai bulok wurin masu injin gogewa ba. Sai a sayo sabon silif da fistin da ringi, a sa, inji ya koma kusan sabo. Da haka ne mota ɗaya ke shekara talatin a kan hanya da bulok ɗinta na asali. Amma a nan ne kuma raunin injin yake. Tsakanin ruwa da mai da wuta babu komai sai gasket da waɗannan siraran abubuwan toshewa. Kuma alminiyum ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi, kusan ninki biyu. Idan inji ya yi zafi fiye da kima, kan zai motsa fiye da gangar jikin, ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya sami hanya.

Ruwa da zafi

A kan wannan za mu daɗe, domin mafi yawan injunan 504 da suka mutu ba tsufa ne ya kashe su ba, zafi ne.

Mu fara da abin da ake zubawa a lagireto. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa. Idan ya tafasa ya huce sau da yawa, sai ya bar farin dutse a cikin ƙananan bututun lagireto, ya toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙari a kan haka, ƙarfe iri biyu da ke jiƙe a ruwa ɗaya suna cin juna, kuma alminiyum ne ke shan kashi. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon tof silinda a ƙasa ya ga wannan: bakin ramukan ruwa ya zaizaye, ya yi ƙurji-ƙurji, har cin ya kusa kai wa inda gasket ke zama. Maganinsa shi ne ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko shuɗi ko ja. Wasu suna cewa ai wannan na ƙasashen sanyi ne, don kada ruwa ya daskare. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma a wurinmu aikinsa shi ne hana tsatsa da ɗaga ma'aunin tafasa. A sauya shi duk shekara biyu. Idan dole ta sa a ƙara ruwa a hanya, a nemi mafi tsabta, in an dawo gida a zubar a sake.

Na biyu, murfin lagireto. Mutane suna raina shi, har wani ya toshe bakin da tsumma ya ci gaba da tafiya. Murfin nan yana da sifirin da ke riƙe matsi a cikin lagireto, kuma ruwan da ke cikin matsi ba ya tafasa sai ya wuce digiri 100. A wuri mai tudu kamar Jos, wanda ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, ruwan da ba a rufe ba yana tafasa tun a wajen digiri 96. Mota mai kaya tana hawan tudu da mataccen murfi, ai kun ga abin da zai biyo baya.

Na uku, tamostat. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a jefar, a ce ƙasarmu da zafi ba ta buƙatarsa. Wannan kuskure ne, kuma ina so ku fita daga ajin nan kun bar shi. Tamostat yana tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Idan babu shi, da sanyin asuba na hunturu inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba. A wannan lokaci fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke mai daga jikin silif, ringi yana gogar ƙarfe, kuma shan mai yana ƙaruwa. Idan mota tana zafi, dalilin yana wani wuri: lagireto ya toshe, ko fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko taimin ya kauce. Idan tamostat ɗin ne ya maƙale, a gwada shi a tukunyar ruwan zafi a ga ko zai buɗe, in bai buɗe ba a sa sabo.

Fanka ma a duba ta. A wasu 504 fankar ba ta kama aiki sosai sai ruwa ya yi zafi, sannan wani makunni ya sa maganaɗisu ya riƙe ta. Idan makunnin ko wayarsa ta lalace, za ku ga fanka tana juyawa a hankali ku ɗauka lafiya, alhali ba ta jan iska. A cunkoso ne abin ke bayyana. Haka kuma ƙaiƙayi da ƙwari da ƙura suna liƙe fuskar lagireto, musamman bayan kaka. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi.

Idan allurar zafi ta hau ja, a tsaya nan take, ba a ce bari in ƙarasa gari ba. Kada a buɗe murfi sai inji ya huce, domin tururin yana sale fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi ko a kansa, don alminiyum yana iya tsagewa.

Ga yadda ake gane gasket ya ƙone. Ruwa yana raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba. Farin hayaƙi mai yawa yana fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama. Idan aka buɗe murfin lagireto da safe aka tayar da inji, ana ganin kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. A ƙarƙashin murfin zuba mai kuma, ko a jikin sandar awo, baƙin mai ya yi fari-fari ya yi kauri. Wannan alama ta ƙarshe tana iya nufin gindin silif ne ke yoyo. Ko wanne ne, kada a ƙara tuƙa motar, domin mai da ya gauraya da ruwa ba ya kare metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, kuma daga nan sai inji ya buga.

Mai gyara kuma ya kiyaye abu uku. Idan za a cire tof silinda, bayan an kwance notuna kada a ɗaga shi sama kai tsaye, don yana iya ɗago silif tare da shi. A fara girgiza shi gefe har ya saki gasket. Da zarar an cire, a danne silif da washa da noti kafin a juya karanshaf ko kaɗan, in ba haka ba fistin zai turo silif, abin toshewar gindi ya motsa, aikin awa uku ya koma sauke inji gaba ɗaya. Sannan wajen mayarwa a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, a jerin da littafin motar ya nuna, da sifana mai awon ƙarfi, ba da ƙarfin damtse ba, kuma a sake bin su bayan tafiyar kilomita 1,000, inji yana sanyi.

Baƙin mai da ƙura

Injin yana ɗaukar kusan lita 4 na baƙin mai. A yanayinmu mai lamba 20W-50 ya dace da shi. A sauya duk kilomita 5,000 tare da fita, wato matatar mai, ko ƙasa da haka ga motar da ke bin hanyar ƙasa. A auna mai da safe, mota tana wuri mai daidai. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji a take.

Ƙura kuwa abokiyar gabar ringi ce. Ƙurar hunturu tana da laushi a hannu, amma a cikin silinda yashi ce mai goge ƙarfe. Yawancin motocin da aka yi don ƙasashe masu ƙura suna da matatar iska mai kwanon mai a ƙasa: iska tana shigowa ta bugi man, ƙurar ta maƙale. Ku buɗe kwanon bayan wata guda na hunturu, za ku tarar da laka a gindinsa mai kaurin yatsa. Duk wannan da cikin inji za ta. A wanke kwanon da ragar da kananzir, a bar su su bushe, a zuba sabon mai zuwa layin da aka zana. Mai matatar takarda kuma ya sauya ta, kada ya huda ta don mota ta ƙara gudu.

Wuta da fetur

Tartsatsin filogi yana fitowa ne daga kwayil, kuma kwantak da ke cikin distirbuto ne ke yanke wuta a daidai lokacin da ake so. Tazarar bakin kwantak milimita 0.40 ce idan ya buɗe gaba ɗaya, ta filogi kuma 0.6. Da filageji ake aunawa, ba da ido ba. Ɗan robar da ke jikin kwantak yana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare, mota ta yi nauyi ta riƙa zafi. Idan kuka ga bakin kwantak ya yi rami a gefe ɗaya da tsini a ɗayan, ku sauya shi tare da kwandansa. Duk sanda aka taɓa kwantak, a sake duba taimin. Wanda zai yi doguwar tafiya ya ajiye kwantak da kwandansa da fanbel a mota; ba su da tsada kuma su ne suka fi tsayar da mutum a daji.

Filogin wannan inji suna can cikin dogayen bututu da suka ratsa murfin bawul, sai da doguwar sifana ake kai musu. Kafin a kwance a busa ƙurar da ke ramin. A fara ɗaura sabo da hannu, domin zaren alminiyum ba ya jure kuskure. Kuma kada a jefar da tsohon filogi ba a karanta shi ba. Baki mai launin ƙasa-ƙasa a bushe yana nuna lafiya. Baƙi mai kunkunniya yana nuna fetur ya yi yawa, ko cok ya maƙale, ko matatar iska ta toshe. Baƙi mai maiƙo yana nuna mai na haurowa ta ringi ko ta bawul. Fari fat kuwa yana nuna fetur ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa, kuma shi ya fi haɗari.

Kafiretar yawanci Solex ce ko Zenith. Shawarata a kanta gajera ce: ita ce ta ƙarshe da za a taɓa. Mafi yawan abin da ake ɗora mata laifin wuta ne ko na bawul. Abin da take so shi ne fetur mai tsabta, saboda haka a sa mata fita a hanya, musamman idan ana sayen mai a galan. Idan jet ya toshe a busa shi da iska, kada a zura masa waya, don ramin zai faɗaɗa, mota ta koma shan mai har abada.

Saita bawul

Wannan aiki ne da kowannenku zai iya koya. Ana yin sa inji yana sanyi sarai, gara wanda ya kwana ba a tayar ba. Tazarar bawul ɗin shiga milimita 0.10 ce, ta bawul ɗin fitar hayaƙi 0.25, don shi ya fi shan zafi kuma ya fi miƙewa. A juya inji da hannu har bawul ɗin hayaƙi na silinda 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai a saita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na hayaƙi na 3 ya buɗe, a saita na shiga na 4 da na hayaƙi na 2. Idan na 4 ya buɗe, na shiga na 2 da na hayaƙi na 1. Idan na 2 ya buɗe, na shiga na 1 da na hayaƙi na 3. Filageji ya shiga yana ɗan ja, ba sako-sako ba, ba kuma da tilas ba.

Masu mota sukan roƙi makanike ya matse bawul don inji ya yi shiru. Kada ku yarda. 'Yar ƙarar tik-tik ba ta cutar da komai. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa idan ya yi zafi, kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa a jikin tof silinda. Idan bai zauna ba, wuta za ta bi gefensa ta cinye shi, silindar ta rasa matsi.

Aikin yi

Ku yi lissafin girman ƙaramin injin, mai faɗin silinda milimita 84 da tafiyar fistin milimita 81, ku nuna kowane mataki.

Wani direba ya zo ya ce motarsa tana shan ruwa kullum, ba ya ganin yoyo a ƙasa, kuma da safe tana rawa kafin ta daidaita. Ku rubuta abubuwan da za ku duba, da wanda za ku fara da shi, da dalili.

Ku bayyana da bakinku abin da zai faru idan aka juya karanshaf bayan an cire tof silinda ba a danne silif ba.

Kafin zama na gaba, kowane rukuni ya je garejin da ke kusa, ya nemi izinin maigidan wurin, ya aro tsofaffin filogi huɗu da aka ciro daga inji ɗaya, a jere yadda suke a silinda, ku zo da su aji mu karanta su tare.